Yadda Bala Ya Kashe Mana Farantin Alhaji Sale

Shekaranjiya ina zaune bakin shago ina matse kan wayar intanet, sai na ji masu koyon aikina sun haɗa kai a bayan kanta suna dariya ƙasa-ƙasa. Na leƙa. Ashe ɗayarsu ce ta sauko da wata manhaja, irin wadda ake saki a intanet ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙofofin kwamfutocin mutane, ta faɗa maka wacce ce a buɗe. Su sikan suke ce wa abin, mu a zamaninmu lalube muke cewa. Ta juyo min da fuskar kwamfutar, baki har kunne, ta ce, "Maigida, wai wannan ne aikin da kuke cewa da wuya? Dannawa ɗaya fa na yi." Na ce ta kashe shi tukuna, ta ɗora ruwan shayi, sauran su jawo benci. Abin da na faɗa musu ran nan shi nake so in rubuta, don na lura in ina magana rabin hankalinsu yana kan waya.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, abin da ake lalube shi ne ƙofar nesa. Wata hanya ce da ake buɗe wa kwamfuta don mai ita ya shiga daga wani gari ya sarrafa ta kamar yana zaune gabanta. Ɗan kasuwa yana Duwala ta Kamaru wajen sayen kaya, yana ganin abin da ya rage a sitonsa na unguwarmu ta Kilomita Biyar, nan Bangi babban birnin ƙasarmu. Abu ne mai amfani ƙwarai. Aibinsa ɗaya: ƙofar ba ta san fuskar mai gida ba, duk wanda ya taɓa ta sai ta amsa.

Ni ban fara da kwamfuta ba. A hannun Papa Gaston na koyi aiki, wani dattijo ɗan Bangi mai gyaran keken rubutu da wayar tarho ta ofisoshi. Shekarun boren sojoji ne, lokacin da za ka fita da safe gari lafiya, kafin azahar an raba shi biyu. In harbi ya tashi sai mu shige ƙarƙashin tebur, shi kuma ya jawo keken rubutu ya ci gaba da wanke haruffa da tsohon burushin haƙori da fetur, wai kada lokaci ya tafi a banza. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: filaya biyu, sukudireba da ya naɗe wa ƙota da roba, ƙarfen narka dalma, da wani kan tarho mai ƙugiyoyi biyu da ake maƙalawa a waya a ji ko layi na da rai. Shekarata ta farko tsani kawai na ɗauka. Kalmar da na fi ji a bakinsa kuwa ita ce "yeke yeke", wato sannu-sannu da Sango, yaren ƙasar nan, har na ɗauka sunana ne.

Akwai wani aiki da muka yi wa mai kantin magani a tsakiyar gari, layinsa ya mutu ana tsaka da boren. A kan turke wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya. Na ce, "Papa, bari in hau in maƙala tarhon nan a kowace waya, wadda ta yi shiru ita ce tamu." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in ajiye tsanin. Muka kama wayar daga bayan kantin, muka bi ta da hannu, katanga bayan katanga, cikin rana, har muka kai inda ɓera ya ci ta. Da muka gama ina ta gumi ina kumbure-kumbure, sai ya ce, "Yusufu, layin da aka kira ka dominsa shi kaɗai za ka taɓa. Sauran suna da masu su, kuma a irin wannan lokaci wasu daga cikinsu suna da bindiga. In suka ji numfashinka a layinsu ba za su ce mai gyara ne ba."

Da keken rubutu ya mutu murus, ni da Papa muka koma kwamfuta, shi da furfurarsa. Na buɗe nawa shagon a Kilomita Biyar, shi ya zauna a cikin gari. Manyan 'yan kasuwar unguwa su ne masu ba ni aiki, kuma ba a kan kuɗi muka fi yin faɗa da su ba, a kan kalmar sirri ne. Ranar da ni da Papa muka ɗora wa Alhaji Sale Mai Suga farantin intanet a rufin sitonsa, muka gama saita shi yana kallon sama, na buɗe masa ƙofar nesa, na ce ya zaɓi kalmar da ba wanda ya sani. Ya gyara hula, ya ce, "Sa sunan yaron nan." Ɗansa na fari yake nufi. Shi a ganinsa, tunda kunya ba ta barin sa ya furta sunan ko a gidansa, to sunan ya zama asiri. Alhali kuwa da manyan baƙaƙe aka rubuta shi a goshin tirelarsa, duk mai zuwa Kamaru ya haddace shi. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Daga ƙarshe ya yarda a ƙara lamba ɗaya a baya, yana yi kamar ya ba ni kyautar gida. Rabin alhazan kasuwar haka suke, sai ka zaunar da mutum kamar mai ba yaro magani kafin ya yarda a canza.

Sai Bala. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Yana da rumfar cajin waya kusa da kasuwa, yana zuba wa mutane waƙa da wa'azi a katin waya, wani lokaci a kati ɗaya. Hannunsa na da sauri, bakinsa ya fi hannun. Bai taɓa zama a ƙarƙashin wani ya koyi aiki ba, kuma da wannan yake tinƙaho. In ya ga ina bin waya da hannu sai ya ce, "Bawana, kai fa har yanzu keken rubutu kake gyarawa, allo kawai aka sa masa." Gaskiya dai yana da ƙwaƙwalwa. Abin da ba shi da shi haƙuri ne.

Muguwar shekarar da yaƙi ya ɓarke ba sai na ba kowa labarinta a Bangi ba. An rufe unguwa, ba mai ƙetare gadar Yakite ya tabbata zai dawo. Manyan motoci suka riƙa kwasar mutane zuwa Kamaru da Chadi, wasu a kan kaya, wasu a kan wasu. Katin waya ya ƙare a kasuwa, layin ma sai ka hau rufi kake samun ɗigo ɗaya. Alhaji Sale ya tafi da iyalinsa Garwa-Bulai, garin da ke bakin iyakar Kamaru, ya danƙa min makullin sito. Ya ce, "Malam Isuhu, suga ya ƙare, amma farantin na nan, ga sola ga batir. Na biya kamfanin har gaba. Ka bar mutane su kira 'yan'uwansu." A iya sanina, a duk ɓangarenmu wannan farantin kaɗai ya rage wanda jama'a ke iya zuwa su yi kira da shi.

Aikina ya koma goge ƙurar sola da safe, duba ruwan batir, da raba wa mutane lokaci. Na shimfiɗa buhunan suga marasa komai a ƙasa, mata suka riƙa zama a kai suna jiran layi, yara na ta surutu da Sango a tsakaninsu. Kwamfuta biyu ce: ta ofishin Alhaji a kan tebur, da tawa ƙarama. Shi Alhaji ba shi da layin waya a can, wani shagon intanet yake zuwa kullum da hantsi ya zauna, ya zama kamar gidan waya. Ana ba shi suna, ya bi rumfunan masu gudun hijira yana cigiya, gobe ya kawo amsa. Na ga mutane sun yi dariya a ɗakin nan, na ga sun fita ana riƙe da su.

A cikin masu zuwa akwai Goggo Hauwa, mai fanke a bakin masallacin layinmu. Ba dangina ba ce, kowa Goggo yake ce mata. 'Yarta Zara'u ta hau mota da tsohon ciki, mijinta ya riga ya ɓace tun farkon rikicin, kuma tun ranar ba a ji ɗuriyarta ba. Zara'u 'yar fari ce, don haka Goggo ba za ta buɗe baki ta ce ita take nema ba. Kullum sai ta zo da tirenta, ta zauna a buhun ƙarshe, ta ce ta zo gaida Alhaji ne. In an ba ta kujera sai ta tambaye shi ruwan sama, ta tambayi farashin fulawa a can, can a ƙarshe ta ce, "Mutanen da suka tafi fa, duk suna isa kuwa?" Alhaji, da yake shi ma gwanin wannan kunyar ne, ya gane tun ranar farko. Ni na rubuta masa sunan a ɓoye.

Wata Talata yana bayyana a allo ya ce a kira masa Goggo. Ya ce, "Hajiya, na ga baƙuwarki. Tana nan lafiya, sai dai nauyi, yau ko gobe ne. Inda aka sauke su da ɗan nisa. Na yi da mai babur zai ɗauko ta ran Alhamis da hantsi, ku ga juna." Goggo ta ce, "To, madalla. Allah ya sa fulawar ta sauko." Ta tashi ta raba wa duk wanda ke ɗakin fanke, ta tafi da tire wayam.

A waɗannan kwanakin akwai wani aiki da nake yi a gefe. Alhazan da suka gudu suna aiko min saƙo in duba musu ko kwamfutar shagonsu tana amsawa. Dabarar mai sauƙi ce: waɗanda ke da sola da nasu layin, in na taɓa ƙofar nesa ta amsa, to shago na nan, ba a fasa ba, ba a ƙone ba. In ta yi shiru, sai a yi ta addu'a. Ni na san adireshin duk wanda na yi wa aiki, kuma sai mai abu ya ce in taɓa nake taɓawa, sau ɗaya, ba na shiga. Bala, da rumfarsa ta rufe ya dawo yana taya ni, wannan abin yana ci masa rai. Ya ce, "Kana tsintar tsakuwa a shinkafa ɗaya-ɗaya, alhali akwai manhajar da za ta tace buhun gaba ɗaya. Har shagunan da ba kai ka haɗa ba za mu gano wa mutane." Na ce masa a'a, na ba shi labarin turken mai kantin magani. Ya ce ya ji labarin nan sau ɗari, kuma kullum katangar ƙara tsawo take yi.

Da niyyar alheri ya yi, wannan ba na tauye masa. Ran Talatar nan da la'asar na fita neman ruwan batir, shi kuma ya zauna gaban kwamfutar Alhaji ya sauko da wata manhajar lalube ta kyauta daga wani shafi da ko sunan mai shi babu. Ta tambaye shi daga wane adireshi zuwa wane, shi kuma da yake ba ya son a bar kowa a baya, ya ba ta mafi faɗin da za ta karɓa. Ya ɓoye ta a bayan allo, ya rufe sito, ya bar ta tana aiki.

Washegari da safe na ga layin yana jan ƙafa, murya na yankewa, fuska na daskarewa. Na ɗauka hadari ne. Ina kan duba waya a bayan tebur sai na ji mata sun yi tsit. Na ɗago. Kibiyar nan ta kan allon Alhaji tana yawo ita kaɗai, ba hannun kowa a kan tebur. Ta je ta buɗe wani abu, ta rufe, ta buɗe wani, sannan haruffa suka fara fitowa cikin wani harshe da ba Faransanci ba. Wata tsohuwa ta fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Wata ta ja ɗanta waje ta bar takalmi. Matar da ke kan kujera ta ce, "Malam Isuhu, dama an ce sitocin suga ba sa rabuwa da mutanen ɓoye." Na ce mata wannan mutumin ɓoyen yana da wando da riga, yana can wata ƙasa yana shan shayi. Na fizge wayar daga bayan kwamfutar.

Ban sha wuyar gano mai laifi ba, don Bala ya riga ya maƙale a bango yana kallon rufi kamar yau ya fara ganin kwano. Na buɗe kwamfutar ba layi, na ga aikin da baƙuwar tasa ta kwana tana yi. Ba taɓa ƙofa kawai take yi ba. Duk wadda ta amsa sai ta hau gwada mata kalmomin sirri, ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya. Abin da ta samu kuma ba Bala take kawo wa ba, maigidanta take aika wa, wanda ya rubuta ta ya ajiye a hanya kyauta don irin su Bala su ɗauka. Ta kuma buɗe masa kwamfutar Alhaji ta ciki, ko sunan yaron nan bai buƙata ba. Shagunan Bangi kuwa ko kusa da su ba ta zo ba. Adireshin da na iya ganewa na wasu ƙasashe ne can nesa, ofisoshi da asibitoci da Allah kaɗai ya san me. Kuma duk wanda aka taɓa, in ya duba wa ke taɓa shi, farantin Alhaji Sale zai gani.

Na ce, "Bala, ka san abin da ka yi?"

Ya ce, "Gwaji ne kawai, ɗan'uwa. Ai ba abin da aka ɗauka."

"A unguwar nan, wanda ke bin shaguna yana jijjiga kwaɗo don ya ga wanne zai buɗe, me ake ce masa?"

Ya ce wannan daban. Na ce ya bari sai ya yi wa masu asibitin bayani.

Na haɗa tawa kwamfutar, layi ya dawo garau, har na fara ajiyar zuciya. Bayan azahar ya ɗauke. Na bi waya da hannu tun daga tebur har rufi, na duba saitin faranti, na auna batir, na canza kan waya sabo. Komai lafiya. Fitilar akwatin da ke haɗa faranti da kwamfuta tana nuna faranti yana ganin tauraron ɗan'adam, can sama ne aka ƙi karɓar mu. Duk wanda ya yi aikin nan ya san wannan fitilar, kuma ya san filaya ba ta gyara ta. Ga shi kuma gobe Alhamis.

Na hau rufi da wayata na ɗaga ta sama har ta kama ɗigo, na yi wa Papa Gaston filashin. Shi ne kamfanin ya sani a matsayin wanda ya ɗora farantin, kuma yana ɓangaren da ba mu iya zuwa. Ya kira ni, ya fara da gaisuwar Sango. Ya ce, "Bara mo, Yusufu. Kuna da rai?" Na ce muna da rai, na faɗa masa komai. Ya ce, "Wannan ba hannunka ba ne. Wannan mai bakin ne, ko?" Na ce shi ne. Ya ce akwai wani ofishi da yake wa gyara mai intanet, amma hanyar ba kullum take biyuwa ba, kuma ƙafarsa ba ta da ba ce. Ya ce zai gwada, yeke yeke.

Ran Alhamis tun kafin in buɗe sito Goggo na bakin ƙofa. Ta sa zanen da ban taɓa gani a jikinta ba, har da kwalli. Ba tire a hannunta, sai wani ɗan ƙulli, daga baya na ji kayan jarirai ne ta ɗinka, wai ko a allo ne a gani. Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Goggo, layin ya ɗan samu matsala, ana kan gyara." Ta ce, "Ba komai, ɗan nan, ni ma dama hutawa na zo yi." Ta zauna a buhunta har rana ta take, har aka kira azahar. Bala ya hau rufi ya sauko ya fi a ƙirga, yana goge solar da ba ta da ƙura. 

Sai da aka kwana biyu Papa ya samu isa ofishin. Amsar kamfanin a taƙaice take: ƙorafi ya yi musu yawa daga ƙasashe daban-daban cewa layinmu yana kai wa kwamfutocin mutane hari, sun dakatar da shi har sai an tabbatar musu an share ɓarnar. Ba su yi zalunci ba. Su ba su ga buhuna ba, ba su ga Goggo ba, adireshi suka gani yana jijjiga kwaɗon duniya, daga garin da ake yaƙi. Na wanke kwamfutar Alhaji tas, na sake zuba mata komai daga farko, na toshe ƙofar nesa. Duk abin da na yi sai in hau rufi in karanta wa Papa, shi kuma ya jira ranar da hanya ta lafa ya taka ya rubuta musu. Su tambaya, ya dawo, ya kira, in amsa, ya koma. Tsoho mai ciwon gwiwa yana ratsa shingaye saboda mutanen da 'yan unguwarsa ba sa son jin sunansu. Ran da na ce masa singila mingi, na gode ƙwarai, cewa ya yi in ajiye godiyar in saya wa Bala tsani ya ɗauka shekara guda.

Fiye da mako muka yi a haka. Mutane suka daina zuwa, sai Goggo. Kullum tana nan a buhun ƙarshe, ta koma tsohon zanenta, ƙullin na cinyarta. Labarin abin da ya faru ya riga ya zaga unguwa, an ƙara masa gishiri, har ana cewa na'urar Bala ta shiga fadar wani shugaban Turawa. Samari suka sa masa suna Mai Duniya. Da can da ya ji daɗin sunan. Goggo dai ba ta taɓa ce masa uffan ba, in ta soya fanke ma nasa take fara ƙullawa, kuma na ga wannan ya fi duka yi masa ciwo.

Da hantsin wata Asabar fitilar ta canza launi. Kafin in gama cewa alhamdu lillahi kiran Alhaji ya shigo, ashe kullum yana can yana gwadawa. Goggo ta hau kujera ba tare da an ce ta hau ba.

Alhaji ya ce, "Hajiya, barka. An sauka lafiya, mace aka samu. Ran Alhamis ɗin ta zo, ta wuni a nan. Ran Juma'a ta haihu. Da ta ɗan ji ƙarfi ta sake sa aka kawo ta, da jaririyar a zane, har sau biyu, wai ko za ki gani." Ya cire hula ya mayar. "Shekaranjiya aka zo da motoci aka kwashe na rumfarsu, an yi cikin ƙasa da su, wani sansani. Ban samu sunan wurin ba tukuna. Amma ina cigiya."

Kada hankalin mai karatu ya tashi, sun haɗu daga baya, lokacin jikar har tana gudu da ƙafarta tana ƙin zuwa wajen kakar. Amma ran nan ba wanda ya san za a yi haka. Goggo ta ce, "To, Allah ya raya." Ta zauna tana kallon allon har bayan Alhaji ya tafi. Sannan ta juya wajen Bala, wanda ke tsaye bakin ƙofa da tsumman goge sola a hannu. Ba faɗa a muryarta, ko kaɗan. Da gaske take tambaya.

Ta ce, "Bala, ɗan nan, an ce abin naka ya kai har ƙasar Turawa a yini ɗaya. Kamaru kuwa ai nan kusa ce. Ka sa shi ya nemo min yarinyar nan mana."

 Bala ya murɗe tsumman, ya warware. Can ya ce, "Goggo, ba ya neman mutane."

Ta ce, "To, me yake nema?"

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai Goggo ta ɗauki ƙullinta ta ce bari ta je, ta bar mai a wuta.